Gubar Da Ke Cin Ɓargo: Kira Ga 'Yan Bumburutu Da Manoma

Edita,

Ina roƙon ka taimaka ka ba ni ɗan fili domin in tofa albarkacin bakina a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ka yi haƙuri da tsawon wasiƙar. Ni ba ɗan boko ba ne, iyakata aji shida na firamare, ban iya dunƙule magana ba, sai dai in faɗe ta yadda ta same ni.

Ni manomi ne. Da damina ina noma masara da dawa da wake da 'yar gyaɗa, da rani kuma in gangara fadama in yi albasa da tumatir. Ban da wannan ina da 'yar tireda a bakin titi inda nake sayar da sabulu da sukari da ashana da sauran tarkace. A shekarar 2018 na ga 'yan acaɓa sun yi yawa a hanyarmu, gidan mai kuma yana da nisa, sai na ƙara teburin fetur a gefen tiredar. Na ɗora babban ɗana a kai, lokacin yana da shekara 13. A ganina na yi masa gata, na raba shi da zaman banza. Ashe rashin sani ya fi dare duhu.

Duk wanda ya san sana'ar bumburutu ya san yadda ake yin ta. Za a sa tiyo a cikin jarka, yaro ya kafa baki ya zuƙa har man ya taho, wani ya shiga bakin ya tofar, wani ya wuce ciki. A rana sai ya yi haka sau ashirin ko fiye. Hannunsa kullum jiƙe da mai, rigarsa ma haka. Da dare kuma saboda tsoron ɓarayi sai mu kwashe jarkokin mu kai ɗakin zaure, inda shi yaron yake kwana, a rufe ƙofa da taga. Haka muka yi ta yi shekara da shekaru, ko sau ɗaya ban taɓa kawo komai a raina ba, illa dai tsoron gobara.

Daga ƙarshen 2023 sai yaron nan ya fara laulayi. Yau zazzaɓi, gobe mura, jibi maruru ya fito masa a hammata. Bakinsa ya cika da gyambo, in ya yi asuwaki sai dasashi ya yi ta jini. Ƙaya ta soke shi a gona, 'yar ƙaramar ƙaya wadda da can ko kallonta ba zai yi ba, amma sai da ƙafar ta yi wata guda tana ruwa. Muka yi ta zarya a kemis, a ce maleriya ce a yi allura, a ce taifot ce a ba da ƙwayoyi. Ya ji sauƙi kwana goma, ciwo ya dawo. Uwarsa ta ce sammu ne, 'yan baƙin ciki ne suka ga teburin yana ci. Aka yi rubutu, aka yi turare, aka sha saiwoyi. Sai da na sayar da tumaki biyu, yaro kullum ƙara ramewa yake, idonsa ya yi fari fat.

Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai wani ɗan yayana da ke karatun awon jini ya zo hutu, ya dube shi ya ce, “Kawu, don Allah a daina wannan kame-kamen, a kai shi babban asibiti a ƙirga jininsa.” Muka tafi birni. Da sakamako ya fito, likita ya kira ni ofis ya ce in zauna. Tambayar farko da ya yi mini ita ce, “Malam, wace sana'a yaron nan yake yi?” Wallahi Edita, duk yawon da muka yi babu wanda ya taɓa yi mana wannan tambayar. Da na gaya masa, sai ya ajiye biro ya ce, “Da baki yake zuƙa?” Na ce da baki. Ya ce, “Ina yake kwana?” Na faɗa masa. Ya yi shiru ya girgiza kai.

Allah Ya saka wa wannan likita da alheri, domin bai raina ni ba. Ya zauna ya yi mini bayani da Hausa, abin da ban gane ba kuma ɗan yayana ya ƙara warware mini a gida, har ya rubuta mini sunaye da shekaru a takarda. Wannan bayanin ne nake so in isar wa 'yan uwana talakawa, tunda ba kowa ne zai dace da irin wannan likita ba.

Ya ce jinin da muke gani ja, ba ruwa ba ne kawai. A cikinsa akwai ƙwayoyi iri uku waɗanda ido ba ya gani. Akwai jajaye masu kai iska ko'ina a jiki. Akwai 'yan mitsi-mitsi masu tsayar da jini in mutum ya yanke. Sannan akwai farare, waɗanda su ne sojojin jiki, su ke yaƙi da duk wata cuta da ta shigo. A cikin ɗan ɗigon da suke aunawa, mai lafiya yakan sami farare tsakanin 4,000 zuwa 11,000. Na ɗana ko rabin 4,000 ɗin ba su kai ba. Jajayen sun yi ƙasa, shi ya sa idonsa ya yi fari. Masu tsayar da jini sun yi ƙasa, shi ya sa dasashi ke jini. Sojoji sun yi ƙasa, shi ya sa kowace cuta ta mayar da jikinsa gidan haya. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mu muna ta bin ƙadangaru da duka, ba mu duba bangon ba.

Na ce, “Likita, to ina sojojin suka tafi?” Ya ce ai su waɗannan ƙwayoyi ba su da tsawon rai. Ja takan yi kamar kwana 120. Mafi yawan fararen kuwa da wuya su wuce kwana ɗaya ko biyu suna yawo a cikin jini. Saboda haka dole kullum jiki ya yi ta ƙera sababbi, biliyoyi a kowace rana. Wurin da ake ƙera su kuwa shi ne ɓargo, wannan dai ɓargon da muke tsotsa a ƙashin rago, mu ma muna da shi, musamman a ƙashin ƙugu da na baya da na ƙirji.

A nan ne ya tambaye ni ko ina noman rani. Na ce albasa ce sana'ata. Ya ce to aiki ya zo da sauƙi. Ɓargo tamkar fangalin da kake renon iri ne kafin dashe. A cikinsa akwai irin, wato jariran ƙwayoyin jini. Amma iri kaɗai ba ya tsiro a kan dutse, sai da ƙasa mai kyau da taki da ruwa da inuwa. To a cikin ɓargo Allah Ya halicci waɗansu ƙwayoyi dabam waɗanda su ba jini ba ne, ba sa fita yaƙi, ba sa zuwa ko'ina. Aikinsu kawai reno. Su ne shimfiɗar da jariran ke kwanciya a kai, su ke riƙe su, su ke fitar da wasu sinadarai da ke zama musu kamar nono. Abin mamaki kuma, an halicci jaririyar ƙwaya ne ta yadda in ta daina samun wannan saƙo daga masu renonta, da kanta za ta yanƙwane ta mutu, ko da babu abin da ya taɓa ta. Ashe ran soja yana hannun mai renonsa.

Ni da na shekara fiye da ashirin ina renon albasa, nan take na gane. Na sha ganin iri mai kyau, mai tsada, ya tsiro ya yi kore shar, bayan kwana kaɗan ya kwanta gaba ɗaya, ba don irin ya lalace ba sai don ƙasar fangalin ta yi kanwa ko ruwan ya gurɓace. In ƙasa ta mutu, ko buhu guda na iri ka zuba asara za ka yi.

To ina fetur ya shigo? Ya ce a cikin fetur akwai wani sinadari da ake kira benzin. Ba shi da yawa a ciki, a ƙasashen Turai ma doka ta hana ya wuce kashi 1 cikin 100, amma yana saurin tashi ya bi iska, yana daga cikin abin da ke ba fetur wannan ƙamshi da wasu ke so. Yana shiga jiki ta numfashi, ta baki, har ta fata. In ya shiga sai jini ya kai shi hanta. Hanta kuwa aikinta ne ta sarrafa duk wani baƙon abu don a fitar da shi ta fitsari, amma garin sarrafa benzin sai ta mayar da wani sashe nasa wasu abubuwan da suka fi shi dafi. Waɗannan su ke tafiya su tare a ɓargo. Suna kashe jariran ƙwayoyin, suna kuma illata masu renon. Ka ga an ci iri, an kuma ɓata fangali. In abin ya yi nisa ɓargon yakan ƙafe ya daina ƙera jini, ko kuma wata ƙwaya ta haukace ta yi ta hayayyafa ba tsari, shi ne sankarar jini.

Wannan ba sabon labari ba ne a wajen masana, mu ne dai ba a gaya mana ba. Tun a shekarun 1970 wani likita a birnin Istambul na ƙasar Turkiyya, mai suna Muzaffer Aksoy, ya lura masu ɗinkin takalma da ke aiki da gam mai benzin a cikin 'yan ƙananan shaguna suna kamuwa da ƙafewar ɓargo da sankarar jini fiye da sauran jama'a. A 2004 kuma aka fitar da sakamakon binciken ma'aikatan kamfanonin takalma a ƙasar Sin, aka ga ko waɗanda ke shaƙar ɗan kaɗan ƙwarai fararen ƙwayoyinsu sun gaza na waɗanda ba sa shaƙa. To in mai shaƙar ɗan kaɗan haka ya same shi, ina ga yaron da ya kafa baki a tiyo kuma ya kwana da jarka takwas a rufaffen ɗaki?

Gaskiya ɗaya ce, likitan bai ce mini ya rantse fetur ne kaɗai ya jawo ba. Ya ce akwai wasu cututtuka da wasu magunguna da ke rage ƙwayoyin jini, sun kuma bincika waɗannan ba su samu ba. Ya ce maganin farko shi ne a raba shi da mai kwata-kwata, ko kusa da teburin kada ya ƙara zama. Aka ƙara masa jini leda biyu, aka ba shi magungunan kashe ƙwayoyin cuta, aka ce mu riƙa dawowa awo.

Tun daga ranar na fara kallon garinmu da wani ido dabam. Na ga ashe ba fetur ne kaɗai ba, guba ta kewaye mu gaba da baya, mu da kanmu kuma muke sayenta da kuɗinmu.

Na farko hayaƙi. Je ka mahauta da safe ka ga yadda ake babbakar kai da ƙafa da ganda da tsohuwar taya. Je ka bayan gari ka ga yadda ake ƙona bola cike da leda da roba, yara suna tsaye suna jin ɗumi. Shiga madafa ka ga matanmu da goyo a baya cikin hayaƙin ɗanyen ice, wata ma da leda take hura wutar. Ɗan yayana ya ce a cikin irin wannan baƙin hayaƙi akwai wasu sinadarai da masana suka gwada a kan ɓeraye, suka ga wani abin al'ajabi. In aka ware jariran sojojin su kaɗai aka zuba musu sinadarin, ba ya yi musu wata ɓarna sosai. Amma in suna tare da masu renonsu, sai su yi ta mutuwa. Dalili kuwa, masu renon ne ke haɗiye sinadarin, su sarrafa shi ya koma dafi, dafin ya isa ga jariran da ke manne da su. Na ce kai, da ɗan gari akan ci gari. Kamar uwa ce ta ci abin da bai kashe ta ba, amma ya bi nono ya kashe ɗan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hayaƙin girki a cikin gidaje yana kashe mutane kusan miliyan 3 a shekara a duniya, da yawa daga cikinsu ƙananan yara ne da ciwon haƙarƙari ke ɗauka.

Na biyu hunhuna. Mu manoma mun san halinmu. In mun ɓare gyaɗa sai mu tsince masu kyau mu kai kasuwa, waɗanda suka yi baƙi ko suka yanƙwane mu bar wa gida a yi ƙuli-ƙuli da kunu. Masarar da ruwa ya taɓa ta yi kore-kore, sai a ce a wanke a kai inji, ai wuta za ta kashe komai. To wuta ba ta kashewa. Wannan hunhuna tana fitar da guba mai suna afulatoksin, dafuwa ba ta lalata ta, tana bin nonon uwa da na saniya. Tana cin hanta, tana jawo sankarar hanta musamman ga mai ciwon hanta, tana kuma raunana garkuwar jiki. A 2004 masara mai wannan guba ta kashe mutum 125 a ƙasar Kenya. A ƙasashen Benin da Togo an auna yara a 2002 aka ga waɗanda gubar ta fi yawa a jininsu su ne suka fi tsumburewa. A Gambiya kuma a 2003 an same ta a jinin fiye da kashi 90 cikin 100 na yaran da aka auna, aka kuma ga alamar raunin garkuwa a tare da ita. Mu da Benin ai katanga ɗaya ce, masararmu ɗaya, gyaɗarmu ɗaya.

Na uku maganin feshi. Mu faɗa wa juna gaskiya. Mutum nawa ne a cikinmu ke sa safar hannu da takalmi da ƙyallen rufe hanci in zai yi feshi? Da hannu muke dama magani. In bakin famfo ya toshe da baki muke hurawa. Ruwan maganin yana tsiyaya a gadon bayanmu tun safe har azahar. In mun gama sai mu sha madara ko manja wai ya kashe dafi, alhali babu abin da suke kashewa. Robar maganin kuma a ɗauraye a zuba man gyaɗa ko a ba yaro ya tafi da ruwa makaranta. Wake kuwa a kwarara masa fiya-fiya a ɗinke buhu. Saboda irin wannan ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya a 2015, domin maganin ƙwari da aka samu a ciki ya wuce ƙa'ida nesa ba kusa ba. Bature ya ce ba ya ci. To waken da ya ƙi, wa ya cinye? Ni da kai da 'ya'yanmu. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben irin wannan magani barkatai a kasuwa, amma doka a takarda dabam, abin da ke faruwa a rumbu dabam. Gwajin da aka yi a kan dabbobi ya nuna wasu daga cikin magungunan ƙwari suna raunana sojojin jiki, ban da mutuwar farat ɗaya da muke ji lokaci zuwa lokaci an ce gida guda sun ci abinci sun kwanta dama.

Na huɗu dalma. Ba mu manta da abin da ya faru a Jihar Zamfara a 2010 ba, inda yara aƙalla 400 suka rasu a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega, saboda ana niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje, ƙurar dalma ta cika tsakar gida. Da farko su ma maleriya aka ɗauka, sai da likitocin ƙungiyar MSF suka lura da yawan sababbin ƙananan kaburbura. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka tafi. Dalma tana lalata ƙwaƙwalwa, tana hana jiki ƙera jini yadda ya kamata, kuma a cikin ƙashi take ɓuya shekara da shekaru.

Na san abin da wasu za su ce, domin an riga an faɗa mini a majalisarmu. Wani ya ce, “Kai dai ka cika tsoro, ai kowa da ajalinsa.” Haka ne, babu mai wuce ranarsa, na yi imani da wannan. Amma malamai sun karantar da mu cewa a ɗaure raƙumi tukuna sannan a yi tawakkali. Mai wannan magana da kansa yana kulle shagonsa da kwaɗo biyu, bai taɓa barinsa a buɗe ya ce kowa da rabonsa ba. In dukiya ta cancanci kwaɗo, jinin ɗanka fa?

Wani kuma ya ce, “Ga wane can ya shekara ashirin yana zuƙar mai, ƙato ne har gobe.” To madalla, Allah Ya ƙara masa lafiya. Amma jiki ba ɗaya ba ne, hanta ma ba ɗaya ba ce, kuma wa ya taɓa ƙirga jinin wanen? Fangali biyu ma a gona ɗaya wani ya fi wani jure kanwa. Sannan muna ƙirga wanda ya tsira ne kawai domin shi muke gani. Waɗanda suka tafi an ce gajeriyar rashin lafiya ce, an yi sadakar uku an watse, babu wanda ya tambayi sana'arsu.

Magana ta uku ita ce mai nauyi, wato talauci. Aka ce in mun bar bumburutu me za mu ci, musamman tun da aka cire tallafin mai a 2023 komai ya yi tashin gwauron zabo? Wannan ba ni da bakin musu. Ni kaina ban rufe teburina ba, ba zan yi wa masu karatu ƙarya ba, da shi nake sayen taki. Amma na canza yadda nake yi, kuma abin da na kashe bai kai kuɗin allura ɗaya daga cikin waɗanda muka sha yi a banza ba. Ribar shekara shida da yaron nan ya tara mini, wata huɗu na jinya sun cinye ta har da tumaki da buhunan masara. Wace riba ke nan?

Saboda haka ina kira da babbar murya ga 'yan uwana 'yan bumburutu, don girman Allah a daina zuƙar mai da baki. Akwai ɗan famfon roba na hannu da ake matsawa, yana nan a kasuwa, ba shi da tsada. A yi amfani da mazurari, a tsaya ta inda iska ke kaɗa warin gaba, a riƙa rufe jarka. Kada a ajiye mai a ɗakin kwana. A cire ƙananan yara daga wannan sana'a. Kanikawa su ma su daina wanke hannu da fetur, sabulu da omo sun wadatar, kuma a daina zuba shi a kan ciwo. In tsautsayi ya sa yaro ya haɗiyi mai, kada a sa shi amai, domin yana iya faɗawa huhu, a garzaya da shi asibiti.

'Yan uwana manoma, mu busar da masara da gyaɗa sosai a kan tabarma ko tamfol, ba a kan ƙasa ba. Wadda ta yi hunhuna a binne ta, kada a ba yara, kada a ba dabba. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta fitar da wani magani mai suna Aflasafe da ake watsawa a gona mako biyu zuwa uku kafin amfani ya yi fure, yana rage wannan guba ƙwarai. Wake kuma a zuba shi a buhun PICS mai leda biyu a ciki, a ɗaure tam, ƙwari za su mutu don rashin iska ba tare da ɗigon magani ba. Na gwada, wakena ya kai wata shida lafiya lau. Mai feshi ya rufe jikinsa, ya yi wanka da sabulu da ya gama, ya huda robar ya binne. Mahauta su koma babbaka da ice ko gas, su bar taya.

Ga gwamnati kuwa, ta jiha da ta tarayya, muna roƙo a dawo mana da malaman gona irin na da masu shiga ƙauye a kan babur. A tilasta wa masu shigo da magungunan feshi su rubuta gargaɗi da Hausa, boko da ajami, da manyan baƙaƙe, domin Turancin da ke jikin roba ko mai digiri sai ya sa tabarau. A sa na'urar ƙirga jini a ƙananan asibitocinmu a kan kuɗin da talaka zai iya. Ma'aikatan lafiya da masu kemis kuma, ba kowane zazzaɓi ne maleriya ba. In mutum ya dawo muku sau uku da ciwo ɗaya, ku tambaye shi sana'arsa, ku tura shi gaba. Tambaya ɗaya ce ta ceci ɗana.

Iyayenmu sarakuna da limamai da gidajen rediyo, ku ma da naku. Yadda kuka tsaya a kan allurar shan inna har a 2020 aka tabbatar an kawar da ita daga nahiyar Afirka, wato irin wadda ke yaɗuwa da kanta, haka muke so ku tsaya a kan wannan. Huɗuba ɗaya ta Juma'a ta fi wasiƙa irin tawa ɗari isa ga jama'a.

Daga ƙarshe, ga masu son jin yadda yaron ya ƙare, alhamdu lillahi yana nan da rai. Ƙwayoyin sun riƙa hawa a hankali bayan an raba shi da mai, gyambon baki ya warke, ya fara mayar da jiki. Likita ya ce an ci sa'a masu renon ba su gama lalacewa ba, fangalin yana farfaɗowa, amma za a ci gaba da awo lokaci-lokaci har tsawon shekaru, domin irin wannan ɓarna takan yi kwanton ɓauna. Duk ranar da za mu karɓo sakamako ba na iya cin abinci. Yanzu albasa yake kai mini kasuwa. Kwanan baya ƙanensa mai shekara 12 ya same ni ya ce, “Baba, tunda Yaya ya bari, a ba ni teburin mana.” Na dube shi, na rasa abin da zan ce, sai na kama hannunsa na kai shi fadama na nuna masa fangalin albasa.

Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Ni na gani a gidana, ba na fatan wani ya gani a nasa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa shugabanninmu su ji kukan talakawa, amin.

Naku,
Wani manomi kuma ɗan tireda,
Funtuwa, Jihar Katsina.